Man da Inna Florentine Ta Roƙa

Garwa, 3 ga Agusta

Zuwa ga taubashiyata Sadiƙa, ungozomar bayan duwatsun Tignère,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jariran mutane da kike tara. Mu nan lafiya lau, sai damina da ta hana nama kwana. Aisatu da yara suna gaishe ki. Tunda tsawa ta kashe ƙarfen rezo na wayar salula a ƙauyenku kin mai da ni ɗan makaranta da tsufana. Malum mai motar shanu ya yarda zai riƙa kai miki takarda, amma in ta zo tana warin garke kada ki zarge ni.

Na cika miki alkawari. Ranar kasuwar Ngong, da na gama cinikin bijimi, na biya wajen Inna Florentine. Ban manta ita ta shayar da ke tare da 'yarta Yvette bayan rasuwar Gwaggo mahaifiyarki ba, don haka na yanko mata hanta mai kyau. Tana kwance a gidan Yvette. Ta rame, ba zan ɓoye miki ba, amma ta gane ni, har ta tambaya ko har yanzu ina cutar mutane da ƙashi a cinikin nama. Ta ci hantar kaɗan.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 'ya'yanta. Ɗanta Léandre ba ya shiga gidan, a bakin ƙofa yake tsayawa ya yi gaisuwa kamar mai sayar da gawayi. Na tambayi dalili, aka ce Inna ta roƙi a kira mata Fadan Katolika ya shafa mata mai, Yvette ta ce muddin a gidanta ne ba za a yi ba, tunda ita 'yar cocin Furotesta ce kuma faston cocinsu yana zuwa yi wa Inna addu'a. Léandre kuwa katashis ne, mai koyar da addini a wajen Katolika, ya ce ba zai taka gidan da aka hana Fada shiga ba. Ni dai na ɗauka Kirista Kirista ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya, Annabi Isa ɗaya, a kan mai kuma har a daina ga-maciji?

Na duba ƙafafunta na ga sun kumbura, na gane inda man zai yi amfani. Kada ki tada hankalinki. Akwai man zaitun na gaske a shagon Alhaji Lukmanu, zan kai mata kasuwa mai zuwa, kowa ya huta.

Naki, wanda ya fi ki hankali,
Mahfuzu

*

Tignère, 14 ga Agusta

Mahfuzu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ka gaida Aisatu da yara. Takardarka ta daɗe a hanya, motar Malum ta kafe a laka. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa.

Kai dai mahauci ne har cikin kanka. Man nan ba na kumburi ba ne. Na girma a ɗakin matar nan, na san abin da take nufi. Tsofaffin Katolika irinta ba sa neman Fada da mai sai sun ji a jikinsu tafiya ta matso. Fada zai zo ta faɗa masa laifuffukanta, ya shafa mata man a goshi da tafin hannu, ya ba ta gurasarsu. Guzuri take nema, kai kana maganar shagon Alhaji Lukmanu.

Bari in gaya maka tushen abin, tunda ba ka sani ba. Inna a Katolika aka haife ta. Ta auri baban su Léandre, shi kuwa dattijo ne a cocin Furotesta, ta bi shi can shekara da shekaru ba ta taɓa cewa uffan ba. Amma carbinta na Katolika yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, ni da Yvette mun sha ciro shi mu yi sarƙa da shi. Léandre ya yi makarantar mishon ya koma cocin uwarsa, Yvette ta riƙe na ubanta, har yanzu ita ce shugabar matan zumunta. A ganinta in Fada ya shiga ɗakin nan kamar an ce ubanta ya mutu a kan ɓata ne. Ba mugunta ba ce, ita ke wanke Inna, ita ke juya ta.

Ba zan iya tahowa yanzu ba. Shugaban asibitinmu ya tafi kwas Gaundare, ni kaɗai ce, ga mata masu tsohon ciki sun zuba mini ido. Raina yana Ngong, jikina yana nan, ban san wanda zan bi ba.

Ga roƙona. Ka sami Yvette ita kaɗai, ka ce ni na aiko ka, ka roƙe ta a hankali. Na san halinta tun muna rigimar nono ɗaya: in an bi ta a ɓoye tana saukowa, in an tara mata mutane ko za a yanka ta ba ta lanƙwasa. Kada ka haɗa ta da Léandre. Kada ka kira kowa.

Sadiƙa

*

Garwa, 16 ga Agusta

Taubashiyata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi amma ta miƙe. Shiru ban ga amsarki ba, na ce ko kin sami wani Bafulatani mai shanu kin manta da mu. Malum zai juya gobe, shi ya sa na sake rubutowa.

Na kai man zaitun. Yvette ta yi ta godiya, ta shafa wa Inna a ƙafa nan take. Inna kuwa da ta ga kwalbar ta kama dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ba ka san komai ba." Léandre da ya ji labari ya tare ni a tasha yana huci, wai na mai da abu mai tsarki man tausa. Nan na gane akwai sauran rina a kaba. Sai na ce to, su zo su fahimtar da ni. Na zaunar da su ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, shi a waje ita a ciki, ni a tsakiya kan turmi.

Sadiƙa, da na san abin da zan ɗebo da ban fara ba. Na tambaya ko littafinsu ɗaya ne, duka suka ce e. Na ce a kawo. Na Léandre ya fi kauri, wai akwai littattafai bakwai a cikinsa da babu a nata. Ita ta ce ƙari aka yi a nasa, shi ya ce ragi aka yi a nata. Ni na san in an rage tsoka, na san in an cusa ƙashi, amma a nan ban gano wanda ya taɓa sikeli ba.

Na bar wannan na koma kan Inna. Yvette ta ce uwarta ta riga ta tsira tun ranar da ta ba da gaskiya, mai ba zai ƙara mata komai ba, rashinsa ba zai rage ba. Na ce to shayar da marainiya da ta yi fa, ba za a ɗora mata a mizani ba? Ta ce babu mizani, kyauta ce Allah ya ba ta, aikin kirki 'ya'yan itace ne kawai da ke nuna itacen yana da rai. Na juya wajen Léandre ina jiran ya musa, sai ya ce shi ma ya yarda kyauta ce, amma kyautar tana da hanyoyin da take biyowa, an damƙa su a hannun coci, man nan yana cikinsu. Na ce alhamdu lillahi, ai kun daidaita ke nan. Suka ce a'a a tare. Tun da na zauna wannan ne kawai bakinsu ya zo ɗaya.

Léandre ya ce ko a littafinta akwai inda aka ce a kira dattawan coci su shafa wa majinyaci mai. Ta ce akwai, amma ba a ce sai Fada ba, kuma ba a ce tsohuwa ta zazzage wa wani namiji asirinta kafin Allah ya yafe mata ba. Na ce to wa ke raba gardama in an sami saɓani? Shi ya ce coci, daga Fada zuwa bishop har Paparoma, don coci ce ta tattara littafin tun farko. Ita ta ce littafi ne ke yi wa coci hukunci, ko Paparoma ya kauce littafi zai dawo da shi. Na ce wa zai karanta littafin ya ce ya kauce? Ta ce kowane mai bi. Léandre ya ce shi ya sa cocinsu ya fi shagunan Ngong yawa. Nan aka tashi baram-baram, kaina yana sarawa.

Amma na samo dabara a mota. Waɗannan yara ne a ilimi, manyansu ya kamata a kira. Ko a unguwarmu in 'yan ɗariƙa da 'yan Izala suka yi tsami a kan suna ko jana'iza, limaman ake zaunarwa gaban dattawa a yi sulhu a ci tuwo. Na riga na ga Fada Patrice na mishon, na ga Fasto, kowa ya ce zai zo ranar Asabar. Na gayyaci matan zumunta su zama shaida, zan yanka ɗan akuya. In kin ji an gama lafiya ki tanadar mini tukwici.

Mahfuzu

*

Garwa, 24 ga Agusta

Sadiƙa,

Ina gaisuwa, muna lafiya. Takardarki ta sha bamban da tawa a hanya. Malum ya miƙo mini ita ranar Lahadi, bayan aikin gama ya gama. Na karanta inda kika ce kada in kira kowa, na ji kamar in nutse.

Ga yadda aka yi. Fasto ya riga zuwa, matan zumunta suka cika tsakar gida da ankonsu. Can sai ga Fada Patrice a babur da 'yar jakarsa, Léandre a bayansa. Abin mamaki, Fada da Fasto suka rungume juna suna tambayar iyali da gona, ashe tare suke zaman kwamitin rijiyar burtsatse. Na ce a raina yau an gama. Na miƙe na yi jawabi da Fulatanci, na kawo maganar zumunci da haƙƙin uwa, har wasu suna gyaɗa kai.

Fasto ya ce shi bai yarda man nan yana ɗauke zunubi ba, kuma ba zai koyar da haka ba, amma gida na Yvette ne, ba zai hana ba, ba zai sa ba. Fada ya ce shi ba ya shiga inda ba a yi masa izini ba. Sai duk ido ya koma kan Yvette. Matan da take shugabanta suna kallonta, ɗan'uwanta yana kallonta. Ta ce, "Gidan nan a kan bangaskiyar ubana yake. Ba za a shiga ba."

Fada ya yi sallama da kowa cikin mutunci ya hau babur. Inna tana ɗaki, ta ji zuwan babur ɗin, ta ji tafiyarsa. Da na leƙa ta juya fuska bango. Naman akuyar nan ko rabi ba a ci ba.

Bayan an watse Yvette ta same ni ina wanke wuƙa. Ban taɓa ganinta da irin wannan fushi ba. Ta ce, "Wa ya aike ka? Kana ganin ba ni da gona ne? Ba ni da ranar da zan ɗauki fartanya in yini a can?" Ta shige ɗaki ta bar ni. Na juya maganar nan har Garwa ban gane ba. Ana zancen Fada da mai, me ya kawo gona? Ko so take in biya mata 'yan ƙwadago? In haka ne ki faɗa mini, zan yi.

Garin neman gira na rasa ido. Ki zage ni, na cancanta, amma ki gaya mini abin yi. Inna ta daina cin hanta, sai kunu.

Mahfuzu

*

Tignère, 31 ga Agusta

Mahfuzu,

Na sami takardunka biyu a rana ɗaya, Malum ya manta ta farkon a motarsa. Lafiyata ƙalau, in ban da ciwon kan da ka aiko mini. Na yi niyyar zaginka, har na fara, sai na tuna kai kaɗai ne cikinmu kake tashi daga Garwa ka je. Na yafe, amma tukwicinka yana wajen akuyar da ka kashe a banza.

Maganar gona ba ta ƙwadago ba ce. Yvette tana gaya maka ne da ka bar ta, da ta zaɓi wata rana ta tafi noma ta bar ƙofa a buɗe. Fada ya shiga ya fita, ita ba ta gani ba, ba ta ba da izini ba. In matan coci sun tambaya ta ce tana gona, kuma ba ta yi ƙarya ba. Haka ta yi niyya, kai ka zo ka tara mata duniya ka sa ta rantse a gabansu.

Kada ka ce na fi ka fahimtar addininsu. Na karanta bayanin da suka yi maka sau da yawa, ni ma ban san mai gaskiya ba. A bakin Inna na fara jin sunan Allah, da bakinta kuma take tashina in yi sallar asuba don kada dangin ubana su ce ta ɓata musu 'ya. Matar da ta yi wannan, yau 'ya'yan cikinta suna gardamar ta wace ƙofa za ta shiga wajen Ubangiji. Ni dai abin da na sani, ta roƙi abu ɗaya, kuma ba ta taɓa roƙon kowa komai ba.

Yanzu ka yi shiru. Ka riƙa zuwa gaisuwa kamar ba abin da ya faru. In Yvette ta sake ambata maka gona, kada ka tambaye ta komai, kada ka yi mata godiya. Ka ɗauko Fada shi kaɗai, ba taro, ba jawabi.

Shugabanmu zai dawo, na sami konje, hutuna zai fara daga goma ga wata. Ka gaya wa Inna ina tafe da zumar Tignère da take so, ta jira ni.

Sadiƙa

*

Ngong, 8 ga Satumba

Sadiƙa, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na ba Malum wannan takarda na roƙe shi ya sa miki a hannu kafin ki hau mota, don kada ki ji a bakin 'yan tasha. Inna Florentine ta rasu shekaranjiya da rana. Ki yi haƙuri. Ta sami man.

Na gaya mata saƙonki tun a makon jiya, ta yi murmushi ta ce zuma ba ta lalacewa. Shekaranjiya da hantsi ina kara ana cinikin wata saniya, sai ga Yvette da fartanya a kafaɗa. Hanyar gonarta ba ta biyo ta kasuwar shanu ba, kin sani. Ta tsaya ba ta dube ni ba, ta ce ciyawa ta cinye mata gyaɗa, za ta gona ta can bayan rafi, ba za ta dawo ba sai la'asar, kuma sakatar ƙofarta ta lalace. Bakina ya buɗe zai yi godiya, na tuna maganarki na rufe shi. Na bar saniyar da dillali na hau babur.

Na sami Fada Patrice yana gyaran taya. Bai tambaye ni komai ba, ya wanke hannu ya ɗauko jakarsa. Léandre ya biyo mu, ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, sai Inna ta kira sunansa daga ciki, ya sunkuya ya shiga. Ni na zauna kan turmin nan a waje. Ban ga abin da aka yi ba, ban kuma ji ba, sai ƙus-ƙus. Da aka kira ni na tarar goshinta yana ƙyalli, carbin gwangwanin nan yana hannunta, fuskarta ta saki kamar wadda aka sauke wa kaya.

Ta sha ruwa, sannan ta tambayi Yvette. Na ce bari in ɗauko ta yanzu. Ta riƙe mini riga ta ce, "Bari Fada ya yi nisa tukuna. Kada ka ɓata mata abin da ta yi." Na jira har ƙarar babur ɗinsa ta ɓace, sannan na tafi. Rafi ya kawo ruwa, sai da na ajiye babur na tsallaka da ƙafa. Na sami Yvette zaune a kan kunyar gyaɗa, ko ciyawa ɗaya ba ta cire ba. Ta ce ya tafi? Na ce ya tafi. Muka kamo hanya. Tun daga bakin layi muka ji kukan Léandre.

Sadiƙa, wata da watanni matar nan tana jinya, ko coci ba ta daɗewa don kada uwarta ta nemi ruwa ba ta kusa. Yini ɗaya ta bar gidan, don uwar ta sami abin da ita ba ta yarda da shi ba, kuma a yinin aka zo ɗauka. Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni ko Inna ta neme ta, na ce ta neme ta, na faɗa mata abin da ta ce. Ta ajiye fartanyar ta shiga.

An binne ta jiya kusa da mijinta. Fasto ya yi nasa, Fada ya yi nasa, ba wanda ya tsara, ni kuwa ban buɗe baki ba. A bakin kabari Léandre ya ce a riƙa yi mata addu'a don tana kan hanya, Yvette ta ce ta riga ta isa. Mutane suka zo suna yi mini gaisuwa a madadinki, na rasa abin da ya halatta in ce, sai na riƙa cewa Allah ya ba mu haƙuri. Har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma na daina tambaya.

Abu ɗaya na gani da idona. Da aka kira mu ɗaukar akwati, kafin a rufe, wata daga matan zumunta ta lura da ƙyallin nan a goshin Inna, ta ciro hankici za ta goge. Yvette ta riƙe mata hannu. Ita ta yi wa uwarta wanka da kanta, ta wanke ko'ina, ta bar goshin.

Ki taho da zumar. Yvette ba ta sa komai a bakinta ba tun ranar, wataƙila in daga hannunki ne za ta karɓa.

Naki,
Mahfuzu